Sana'ar Isar da Kimiyya ga Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da masu bautar ƙasa sukan tare ni bayan an tashi daga taro, wasu kuma su turo saƙo cikin dare, kuma kusan duk maganar ɗaya ce: wannan aiki na bayyana wa mutane kimiyya, sana'a ce da za ta riƙe mutum ko sha'awa ce kawai? Na tattaro tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su gwargwadon abin da na gani a bakin aiki. Inda na ja amsa da tsawo, a nan ne na fi ganin ana tuntuɓe.

Malam, wane irin aiki ne wannan? Ba aikin jarida ba ne aka sauya wa suna?

Aikin jarida reshe ɗaya ne a cikinsa. Asalin aikin shi ne ka tsaya tsakanin wanda ya yi bincike da wanda binciken ya shafa, ka ɗauko magana daga can ka kawo nan ba tare da ta zube a hanya ba, sannan ka ɗauki tambayar mutanen nan ka mayar wa na can. Wannan komawar ce aka fi mantawa da ita.

Sunan ne sabo, amma aikin ya daɗe a ƙasar Hausa. Malamin gona da ke hawa babur ya shiga ƙauye ya nuna tazarar shuka, duba-gari da ke leƙa randa da kwata, ma'aikaciyar awo da ke koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari, duk shi suke yi. A yau akwai ɗan jarida mai bin labaran lafiya da noma da muhalli, akwai jami'in yaɗa labarai na jami'a ko cibiyar bincike, akwai mai wayar da kai da ke bi unguwa-unguwa, akwai mai shirin rediyo ko gajeren bidiyo. Akwai kuma wanda ba a ganin fuskarsa, yana zaune yana matse rahoto mai shafi ɗari ya koma shafi biyu, domin kwamishina ko ɗan majalisa ya karanta kafin ya shiga zama.

Mene ne bambancin ɗan jarida da jami'in yaɗa labarai, tunda duk bayani suke yi?

Bambancin yana ga wanda kake yi wa aiki. Ɗauki waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, aka amince da shi a 2019. An sanya masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa domin tsutsar da ke huda kwanson wake ta kasa cinsa, feshin da manomi ke yi sau shida zuwa takwas ya sauko kamar sau biyu. Jami'in yaɗa labarai aikinsa ya sanar da wannan, ya shirya ranar nunin gona, ya kawo masanin gaban makirufo, ya rubuta wa manema labarai sanarwa. Ɗan jarida kuwa daga kan sanarwar nasa aikin yake farawa. Zai tambayi kuɗin irin da inda ake samunsa, ko yana maganin sauran ƙwari (ba ya yi, shi ya sa feshin bai ƙare gaba ɗaya ba), me hukuma ta duba kafin ta ba da izini, me masu adawa da irin wannan iri suke cewa, kuma wace hujja suka riƙe.

Duka biyun sana'a ce ta mutunci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gauraya su a ɓoye, mutum yana karɓar ambulan daga wata cibiya, yana kuma rubuta labarinta a jarida kamar ɗan ba-ruwanmu. Shi ma jami'in yana da iyaka. Mai gidanka zai so a ce an gano magani, alhali abin da aka gano sinadari ne da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalbar gwaji. Na taɓa shafe awa biyu a ofishin wani shugaban sashe muna ja-in-ja a kan kalma ɗaya, shi yana son a rubuta "warkarwa", ni na tsaya a kan "ragewa", har aka kira mai binciken, ita da bakinta ta ce ragewar ce daidai. Da na sakar masa, wata rana wani majiyyaci zai ajiye maganin likita saboda takardar da na sa wa hannu.

Sai na karanta kimiyya a jami'a? Ni sashen aikin jarida na gama.

A'a. Ta ƙofa biyu ake shigowa, kuma kowa da giɓinsa yake zuwa. Wanda ya karanta kimiyyar ƙananan halittu ko haɗa magunguna ya san abin, amma an horar da shi ne ya yi wa malaminsa rubutu, sai ya fara da yadda aka yi gwaji ya ajiye sakamako a ƙarshe, lokacin mai sauraro ya riga ya murɗa tasha. Wanda ya karanta aikin jarida ko Hausa ya iya riƙe kunnen mutane, amma lissafi yana ba shi tsoro, kuma yakan ɗauki duk mai farar riga a matsayin hujja. Na farko ya koyi ba da labari. Na biyu ya zauna ya koyi kaso cikin ɗari, da matsakaici, da yadda ake tsara gwaji. Ba su fi ƙarfin kowa ba, muddin ba ka jin nauyin cewa, "Dakta, ban gane ba, a sake yi mini."

Kullum kana cewa aikin nan riƙon amana ne. Ba ilimi ne mutane suka rasa ba?

Haka ni ma na zata da farko, cewa kan mutane kamar tulu ne da babu ruwa, in an zuba bayani shi ke nan. Ko a Ingila an daɗe a kan wannan zato, sai a shekarar 2000, bayan rikicin cutar haukan shanu, wani kwamitin Majalisar Dattawansu ya fito ya ce abin da ya lalace yarda ce, kuma sai masana sun koma tattaunawa da jama'a.

Namu darasin ya fi wannan ɗaci. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin arewa, bisa zargin an sa wa maganin abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi ta gwaje-gwaje, aka kuma samo maganin daga Indonesiya. Kafin a farga cutar ta bazu, ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma yaran da ƙafafunsu suka shanye su abin ya ƙare a kansu. Amma duk wanda ya ce jahilci ne kawai, bai saurari mutanen ba. Shekara bakwai kafin nan, a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ja da baya. Ga kuma tambayar da magidanta suka riƙa yi a ƙofar gida: ɗana yana zazzaɓi na kai shi asibiti an ce in sayo magani, don me wannan ɗigon kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta? Tambaya ce ta hankali, kuma babu fostar da za ta amsa ta.

Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar waɗanda aka riga aka yarda da su: sarakuna da hakimai da masu unguwanni, malamai, waɗanda cutar ta taɓa da kansu suna bi gida-gida a kan kekunansu, da dubban mata 'yan sa-kai waɗanda aka ɗauko daga cikin unguwar. Aka kuma fara kafa sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa tare da ɗigon, wato an amsa tambayar magidancin nan da aiki. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna. Duk mai son wannan sana'a a ƙasarmu ya san tarihin nan kamar yadda ya san hanyar gidansu, domin har yau shi ne ke zaune a zauren da za ka shiga yin maganar kowace sabuwar allura.

Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya kuwa? Ai kalmomin babu su.

Za ta iya, amma ba ta hanyar ɗauko kalma a dasa kalma ba. Kuma haɗarin da na fi tsoro ba rashin kalma ba ne, kalmar da muke da ita ce wadda ta yi faɗi da yawa. Dubi "ƙwayar cuta". Da ita muke kiran bakteriya, da ita muke kiran bairos, da ita muke kiran ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, alhali halittu ne daban-daban, maganin wannan ba ya taɓa wancan. To idan ka gaya wa uwa ƙwayar cuta ce ke kawo mura, ta kuma ji a wani shirin cewa kafso ja da yalo yana kashe ƙwayar cuta, me zai hana ta aika yaro kemis? Maganarmu ta bi sau da ƙafa. Dole ka tsaya ka raba mata: bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa, kuma irin wannan kafso ginin jikinta yake lalatawa. Bairos ba shi da wannan ginin, sai ya kutsa cikin jikin mutum ya mai da shi wurin haihuwarsa, don haka kafson ba ya samun abin kamawa. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa bakteriyar da ke jiki ta saba da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Haka "shawara" take. Ido ya yi rawaya an ce shawara, ciwon hanta an ce shawara, ga kuma wadda sauro ke kawowa, wadda ake yi wa jariri allurarta a wata tara. Kar ma a zo maganar "sanyi". Duk sanda za ka furta irin waɗannan, ka faɗi wadda kake nufi.

Inda Hausa ta fi ƙarfi shi ne kwatance. Na ga wani malamin gona a kasuwar ƙauye yana bayanin buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka ƙirƙiro. Bai kira sunan wata iska ba. Cewa ya yi ƙwaro ma numfashi yake yi kamar kowa, in an ɗaure bakin ledar tam ya shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu, ba fiya-fiya ba ƙwaya. Sannan ya kwance buhun da aka ɗaure tun kaka a gaban mai gari, ya zuba waken a faifai ya miƙa wa wata tsohuwa. Ta baza shi da yatsu tana neman huji, ta ɗauki ƙwara ɗaya ta gatsa, ta juya ta tambayi kuɗin buhun.

Sau da yawa ma mutanen su ke raɗa sunan da ya fi naka. A yankin Maraɗi, dabarar barin kututturen itace ya sake toho a gona ana yi masa aski, wadda wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a 1983, sassabin zamani ake ce mata. Kalma biyu, kuma kowane manomi ya san inda aka dosa. Kafin ka ƙirƙiro kalma, saurari abin da Rediyon Kaduna da sassan Hausa na BBC da DW da RFI suka riga suka saba wa kunnen jama'a, ka tuntuɓi malaman sashen harsuna, ka kuma tuna mai sauraronka na iya zama a Damagaram ko zangon Kumasi, inda aron kalma ya bambanta da na Kano.

A ina ake samun aikin, kuma yana riƙe gida?

Da wuya ka ga talla da wannan suna. Za ka ga ana neman jami'in sadarwa, jami'in hulɗa da jama'a, jami'in wayar da kai ko mai shirya shiri. A Najeriya duba hukumomi irin su NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa da NAFDAC da hukumomin lafiya a matakin farko, da NiMet mai fitar da hasashen damina kowace shekara. Duba NAERLS a Zariya, wadda aikinta kacokan kai sakamakon bincike ga manomi ne, da ofisoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, a Kano, da Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero. A Nijar akwai INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, da cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma, da ke Yamai tun 1974. Ga UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, ga gidajen rediyo, ga masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ruɗe ka ba. Albashin yawancin kafafen gida bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyoyin waje sun fi biya, amma kwantiragi ne mai wa'adi, kuma abin da ya faru a 2025 da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ya nuna yadda ofis cike da ma'aikata kan watse cikin 'yan makonni. Mafi yawan waɗanda na sani suka ɗore suna haɗawa ne da koyarwa, ko fassara, ko ɗaukar murya, ko horar da masu bincike. Wanda ya iya Hausa da kyau, ya iya Turanci ko Faransanci, kuma lissafi ba ya ba shi tsoro, ba shi da yawa a kasuwa.

Ba ni da kowa, ba ni da kyamara. Ta ina zan fara?

Wayar hannunka ta isa. Zaɓi fage ɗaya da ya dame ka da gaske, sikila ne, ko ruwan sha, ko ajiyar hatsi, ka zauna a kansa. Je jami'a ko kwalejin da ke kusa da kai, ka nemi ɗalibar digiri na biyu da ke bincike a fagen, domin ta fi farfesa lokaci kuma ita ce hannunta ke cikin aikin. Yi hira da ita, ka tace ta koma minti uku. Sannan ka kunna wa kakarka ko mai shayin layinku. Kada ka ce, "Kin gane?" Za ta ce eh don kara. Ce mata ta maimaita maka abin da ta ji kamar za ta gaya wa maƙwabciya. A bakinta za ka ji inda maganarka ta karkace. Gyara, ka mayar wa mai binciken ta duba ko bayanin bai kauce ba, sannan ka saki.

In ka tara guda goma irin wannan, ka sami abin nunawa, kuma a wannan sana'a abin da ka yi ake fara tambaya kafin takarda. Kai su gidan rediyon garinku ka nemi minti biyar a cikin filin lafiya ko na manoma. Rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa, akwai batutuwan kimiyya da yawa da ba a taɓa ba. Dubi yadda Baban Sadiq ya shafe shekaru yana yi wa masu karanta Aminiya bayanin kwamfuta da intanet mako bayan mako. Ɗorewar ce ta tara masa jama'a.

Idan aka miƙo mini sakamakon bincike, yaya zan san mai ƙwari ne?

Fara da tambayar a kan wa aka gwada: a kwalba, a jikin ɓera, ko a jikin mutum? Magunguna da yawa sun yi aiki a ɓera suka gaza a mutum. In mutane ne, su nawa, kuma akwai wasu da ba a ba su ba domin a kwatanta? An buga shi a mujallar da wasu masana suka tantance, ko a taron manema labarai kawai aka ji shi? Wa ya biya kuɗin aikin? Sannan ka kira wani masanin da ba ya cikin binciken ka ji ta bakinsa.

Kula da kalmar "ninki". In aka ce abu ya ninka haɗarin wata cuta, tambayi daga nawa zuwa nawa. Daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 2 ninki ne, daga 1 cikin 10 zuwa 2 shi ma ninki ne, amma ba tashin hankali ɗaya ba ne. Kula kuma da abubuwa biyu da ke zuwa tare. Za ka ji an ce sabuwar masara ce ke kawo zazzaɓi, kuma lallai tare suke zuwa, amma damina ce ta kawo masarar, ita ce kuma ta tara ruwan da sauro ke haihuwa a ciki. Masu digiri ma suna faɗawa wannan rami.

Abu na ƙarshe shi ne ka saba da faɗin iyakar abin da aka sani. Hasashen damina hasashe ne, ba alkawari ba. In ka gaya wa manomi ranar kaza ruwa zai sauka kamar ka gani a allo, ya yi shuka ta ƙone, badi ko gaskiya ka zo da ita ba zai tsaya ba.

Jita-jita ta fi mu gudu. Yaya ake yi da ita?

Wanda ya kai hankali a watan Agustan 2014 yana tuna daren da wayoyi suka yi ta ƙara, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye, wai maganin Ebola ne. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Ita kanta Ebolar mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal, ba ta ko iso arewa ba.

Me ya ba gishirin ƙafa? Daga bakin uwa da yaya da aminiya ya zo, mutanen da ke son ka. Yana da arha, yana nan a madafa, kuma ya ba mai jin tsoro abin da zai yi da hannunsa. Amsarka sai ta yi kama da haka. Ta fito da wuri, ko da abin da aka tabbatar kaɗan ne. Ta fito da muryar da aka sani, a saƙon murya na WhatsApp da rediyo, ba a doguwar takarda da Turanci ba. Ka fara da gaskiyar, kada ka yi ta nanata ƙaryar har ta zauna a kunne. Ka ba mutum abin yi a madadin wanda ka hana shi, kamar wanke hannu da sabulu da lambar da zai kira. Kuma kada ka zagi wanda ya turo. In ka kunyata mahaifiyar mutum a zauren dangi, ita zai bi ko da ya san kai ne da gaskiya.

Idan magana ta taɓo addini fa?

Kada ka mai da kanka mai fatawa. Je wurin liman tun kafin a fara aiki, ba sai wuta ta kama ba, ka zauna a ƙasa ka yi masa bayani, ka amsa tambayoyinsa, wadda ba ka sani ba ka ce za ka tambayo, kuma ka dawo da amsar. Sau da yawa shi zai kawo maka hujjar da ta fi taka shiga, kamar hadisin da ya hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka. Lokacin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya duhunta sassan arewa da hantsi, babu abin da ya hana a yi sallar husufi, a kuma gaya wa yara wata ne ya gitta tsakaninmu da rana, kada su kalle ta da tsurar ido.

Ni mace ce, Malam. Akwai wurina a ciki?

Akwai, ƙanwata, har wurin da namiji ba zai taɓa kaiwa ba. Inda aka rubuta "ba shiga" ke za ki shiga. A gidan suna da biki da Islamiyyar matan aure ake yanke shawarar ko za a kai yaro allura, ko za a je awo, ko me za a dama wa wanda aka yaye. Aikin yana da haɗarinsa, ba mu manta ma'aikatan rigakafi tara da aka harbe a Kano a watan Fabrairun 2013 ba, Allah ya ji ƙansu. Kada ki shiga gari sai da sanin mai unguwa da 'yar rakiya ta gari. Kuma kada ki yarda a tsayar da ke a aikin bi gida-gida kaɗai, ki nemi kujerar da ake tsara saƙon.

Akwai inda ake karanta shi a matsayin darasi?

Akwai. Kwalejin Imperial da ke Landan tana ba da digiri na biyu a wannan fanni tun 1991, Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu kuma tana da gajeren kwas ta intanet. Kafar labaran kimiyya ta SciDev.Net tana horar da 'yan jarida da masu bincike, The Conversation Africa, wadda ta fara a 2015, tana haɗa malamin jami'a da edita su fitar da rubutun da kowa zai karanta. A gida akwai Science Communication Hub Nigeria, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar Yobe, ya kafa. Shawarata ka yi shekara ɗaya ko biyu kana aikin tukuna, domin ka san abin da za ka je nema.

Me ya fi wahala a aikin?

Ranar da ka gane bayaninka ya shiga, an fahimta sarai, amma ba a da halin bi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa don zinariya yana ɗauke da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Bayanin ba shi da wuya. Amma ka ce wa magidanci ya bar zinariya ya koma gero, alhali abin da yake samu a dutse gona ba ta ba shi, ya ji ka, gobe kuma zai koma rami.

Saƙon da ya yi amfani shi ne wanda ya yarda haƙar ba za ta tsaya ba: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya tufafi kafin a shiga gida a ɗauki yaro. Wani ɓangaren kuma ba na ƙauye ba ne sam, na Abuja ne. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara ba yaran ƙauyen Bagega na Anka maganin fitar da dalma ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen, domin yaro zai koma ya sake kwasa, kuma kuɗin kwashewar bai fito ba sai a 2013, bayan matasa da 'yan jarida sun yi ta matsa wa gwamnati lamba. A 2015 gubar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Idan aka tura ka irin wannan wuri, kafin ka buɗe jakar fosta ka tambayi nawa ake sayar da buhun dutse, nawa tiyar gero take, da nisan rijiyar da kake so a je a yi wankan.